Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babban Daraktan NADDC: Yaushe Ya Kamata A Yi Wa Mota Juye A Ƙasar Nan?

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, NADDC,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan maganar juye: tsawon tafiyar da mota za ta yi, ko watannin da za ta ɗauka, kafin a zubar da baƙin man da ke cikin injinta a zuba sabo. Na san teburinka cike yake da manyan batutuwa, daga masana'antun harhaɗa motoci zuwa motoci masu aiki da iskar gas da na lantarki. Amma duk wanda ke wuni a gareji, kamar yadda sana'ar koyar da gyaran mota ta zaunar da ni, ya san cewa injin da aka sauke aka buɗe, sau da yawa daga baƙin mai labarinsa ya faro. A yau kuwa mutumin da injinsa ya buga, wani lokaci jarinsa ne ya ƙare gaba ɗaya, wani lokaci tukunyar gidansa ce za ta sauka daga murhu.

Mai mota a ƙasar nan magana iri biyu yake ji. Littafin motar, in ta zo da shi, da fitilar da ke allon gaban direba, suna ce masa ya yi ta tafiyarsa har kilomita 15,000 ko 16,000, wata motar ma har 30,000, kafin ya nemi gareji. Bakanikensa kuwa cewa yake ya kawo ta duk ƙarshen wata, kuma a zuba mata mai mai kauri saboda zafin ƙasarmu. Lokacin da naira ke da ƙarfi, yawancin mutane bakanike suke bi, ko don hankalinsu ya kwanta. Tun daga 2023, da aka cire tallafin fetur aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, galan ɗin baƙin mai mai kyau ya zama abin da sai an zauna an yi masa lissafi, sai maganar littafi ta fara yi wa mutane daɗi a kunne. Yanzu za ka ji matashi yana cewa ya gani a intanet juye akai-akai ɓarnar kuɗi ce, motocin zamani shekara guda suke yi da mai ɗaya. Abin da ya gani gaskiya ne a inda aka rubuta shi. Roƙona shi ne hukumarka ta gaya masa abin da yake gaskiya a Kano da Maiduguri da Sakkwato da Legas.

Ba na cikin masu cewa dogon wa'adin juye yaudara ce kawai ta kamfanoni. Injin yau ya bambanta da na jiya. Kafireto ya tafi, kwamfuta ce ke auna fetur ɗin da ke shiga, saboda haka ɗanyen fetur da ke zurarewa cikin mai ya ragu. An daina sa dalma a fetur. Ana goge ƙarafan inji daidai wa daida fiye da da. Shi kansa man ya ci gaba, musamman wanda ake kira sintetik, mai jure zafi ba tare da ya tsinke ba. A kan wannan ne kamfanin Volkswagen ya fito da tsarinsa na LongLife, wanda a Turai yake barin mota ta kai kilomita 30,000 ko shekara biyu, muddin man da aka zuba yana ɗauke da lambar amincewarsa, VW 504 00 ko 507 00. Toyota a Amurka ta ba yawancin motocinta masu shan 0W-20 mil 10,000 ko wata 12. Har gwamnatin jihar Kalifoniya ta yi gangamin wayar da kai don mutane su daina tsohuwar al'adar juye duk mil 3,000, saboda miliyoyin galan na mai mai sauran amfani da ake zubarwa a banza. Duk wannan ci gaba ne, kuma ina so mu ma mu ci moriyarsa.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin alƙaluman nan yana da sharuɗɗa, kuma kamfanonin ba su ɓoye su ba. A littafin Toyota ɗin da ya ce mil 10,000, akwai wurin da ya lissafa abin da ya kira yanayi na musamman: tuƙi a hanyar ƙasa ko hanya mai ƙura, jan tirela ko ɗaukar lodi mai nauyi, barin inji yana aiki mota na tsaye na dogon lokaci, da doguwar tafiya a hankali irin ta tasi. Wanda ya faɗa cikin ɗaya daga cikinsu, wa'adinsa ya koma rabi, mil 5,000 ko wata shida, wato kimanin kilomita 8,000. Ranka ya daɗe, a nuna mini direban Golf ko Sharan ɗin haya tsakanin Kano da Katsina wanda bai haɗa uku daga ciki ba a rana ɗaya. Abin da littafin ya ware a matsayin na musamman, shi ne tuƙinmu na yau da gobe.

Ƙura ce ta fi damuna. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda ake lissafa shi cikin wuraren da suka fi fitar da ƙura a duniya. Mafi yawan abin da ke cikinta silika ne, sinadarin da ya haɗa yashi, kuma ya fi ƙarfen metal da na ringi tauri. Inji yana zuƙar dubban litocin iska a kan kowace lita ɗaya ta fetur da ya ƙona. Abin da ya tsaya tsakanin wannan iska da cikin inji, filtar iska ce ta takarda. A garejinmu kuwa an saba a ciro ta, a busa mata iskar kwamfuresa, a mayar, alhali busawar nan tana yaga ƙananan ramukan takardar ta yadda ido ba zai gani ba. Wata filtar jabu ce tun daga shago. Wata motar kuma robar da ke kai iska ce ta tsage a ƙasa, inda ba mai leƙawa. Ƙurar da ta tsallake tana gogar bangon silinda, ta gangara cikin mai, mafi ƙanƙantarta ta wuce filtar mai, ta yi ta zagaye inji tana cin ƙarfe. Man na iya zama mafi tsada a kasuwa, sinadaransa ba su gaji ba, amma yana ɗauke da yashi, kuma hanyar fitar da yashin ɗaya ce, a zubar da man.

A nan ne ya kamata mutane su fahimci fitilar da suke dogaro da ita. A yawancin motoci ba ta ɗanɗana mai. Fitilar da ke kunnuwa a Corolla da Camry ɗin Amurka mil kawai take ƙirgawa, ta kama idan an kai 5,000. Ta Honda mai nuna kashi cikin ɗari, da ire-irenta, lissafi take yi da juyawar inji da zafinsa da tsawon tafiye-tafiye. Lissafin yana da kyau, amma an gina shi a kan zaton cewa man da kamfani ya ce shi aka zuba, kuma fetur ɗin irin na ƙasar da aka sayar da motar ne. Ba ya ganin ƙura. Ba ya sanin abin da ke cikin galan ɗin da aka juye.

Zafi da gosulo ba sa buƙatar dogon bayani. A watan Afrilu Maiduguri da Sakkwato suna haura digiri 40, kuma sanannen abu ne ga masu ilimin mai cewa saurin lalacewarsa yana kusan ninkawa da kowane ƙarin digiri 10. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa a kan babbar hanya za ta cinye kilomita 10,000 cikin awa 125. Wadda ke rarrafe a cikin gari a kan kilomita 20 a awa sai ta yi awa 500. Mitar duka biyun lamba ɗaya za ta nuna, amma injin ta biyun ya yi aiki ninki huɗu, ban da awannin da direba ke zaune da na'urar sanyaya iska a kunne yana jiran maigida.

Maganar fetur da dizal ta fi wannan zurfi. Idan farar wuta, wato sulfa, ta ƙone a cikin inji ta haɗu da tururin ruwa, asid take zama. Ana sa wa baƙin mai sinadarin da ke kashe asid ɗin, kuma sinadarin yana ƙarewa a hankali; idan ya ƙare, asid sai ya koma kan ƙarfe. Tun 2009 dokar Tarayyar Turai ba ta yarda sulfa ta wuce kashi 10 cikin miliyan a fetur ko dizal ba. A wannan lokacin ma'aunin Najeriya ya yarda da kashi 1,000 a fetur, 3,000 a dizal. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa ƙazamin mai musamman don Afirka ta Yamma. A Disambar wannan shekarar Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja su rage ma'aunin, a 2020 kuma ECOWAS ta tsayar da kashi 50 cikin miliyan. An ɗauki shekaru kafin abin da ke takarda ya fara isa famfon gidan mai. Matatar Dangote ta fara fitar da dizal da fetur a 2024, kuma ina fatan alheri a nan gaba. Amma ko an cika ma'aunin ECOWAS cif, ninki biyar ne na Turai. Direban da man ya yanke masa tsakanin gari da gari kuwa, wajen 'yan bumburutu zai tsaya, kuma babu ma'aunin da ya bi ta kan jarkarsu. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol ta hanyar hukuma, motoci suka yi ta tsayawa a Legas da Abuja.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, man dogon wa'adi na Turai, wanda aka rage wa toka don ya kare matatar hayaƙin motocin zamani, yawanci sinadarinsa na kashe asid bai kai na tsohon samfuri ba, domin an yi shi ne don fetur mai tsabta. Kamfanin BMW da kansa ya taƙaita amfani da mansa na Longlife-04 a injinan fetur ga ƙasashen Turai saboda bambancin ingancin fetur. Idan wanda ya ƙera motar bai yarda da lissafinsa na Jamus a kowace ƙasa ba, bai dace a bar mai mota a Gusau ya ɗauke shi yadda yake ba.

Sai kuma man da ake zubawa. Matatar Kaduna ce aka gina da sashen fitar da tushen man da ake haɗa baƙin mai da shi, kuma ta daɗe ba ta aiki, don haka daga waje ake shigo da shi. Kamfanoni masu lasisi suna haɗa shi da sinadarai su fitar da mai mai inganci. Amma wani kason yana bi ta bayan fage ya fito bakin titi a cikin kwalabe, ba sinadarin wanke inji, ba na kashe asid, ba na hana cin ƙarfe. Ana kuma sayen galan-galan da aka juye na sanannun kamfanoni, a cika su da abin da aka ga dama, a liƙe baki. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irin waɗannan kaya, amma kasuwar tana nan. Mutumin da ya biya kuɗin sintetik aka ba shi jabu, sannan ya bi wa'adin littafi, ya haɗa masifa biyu. Shi ya sa nake ganin ba za a iya raba maganar wa'adi da maganar sahihancin mai ba.

Mu kuma duba irin motocin da muke hawa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari suka zo Afirka, kuma Najeriya na cikin manyan masu saye. Dogon wa'adi ya dace da mai saye na farko, wanda zai riƙe mota shekara uku ko huɗu a ƙarƙashin garanti ya sake ta. Ya dace da kamfanonin haya masu lissafin kuɗin gareji kafin su sayi ɗaruruwan motoci. Ya dace da kamfanin da ya yi alƙawarin juye kyauta a shekarun farko. Wanda ya karɓi motar a Kwatano ko Legas bayan shekara goma ko goma sha biyar, da mitar da wataƙila an juya ta baya, shi ke gadon duk abin da aka tara a cikin injin. Ringi ya saki, hayaƙi na shiga mai fiye da da, injin kuma ya fara shan mai.

Shan man nan shi ne haɗarin da ya fi saurin kisa. Akwai littattafan motoci da ke cewa shan rabin lita a kilomita 1,000 ba laifi ba ne. Injin ƙaramar mota lita huɗu zuwa biyar yake ɗauka. Da ana juye duk wata, ana cika shi kafin ya yi ƙasa, ba wanda ya lura. Da mutum ya koma dogon wa'adi bai koyi zaro sandar awon mai duk mako ba, injin zai bushe tun kafin fitilar juye ta kama. Jar fitilar mai kuwa ƙarfin famfo take nunawa, idan ta kama a guje, ɓarna ta riga ta fara.

Ko a can inda aka tsara wa'adin, an taɓa yin kuskure aka gyara. Injinan Toyota guda biyu, mai lita 2.2 da V6 mai lita 3.0, da aka sa wa Camry da Sienna da Avalon da Highlander da Lexus RX300 daga 1997 zuwa 2002, sun yi suna wajen tara daskararren mai mai kama da kwalta, wanda ke toshe rariyar famfo ya hana mai hawa. Kamfanin ya ce rashin juye a kan lokaci ne, masu motoci suka ce ƙirar injin ce, a ƙarshe aka yi sulhu a kotu a 2007 wanda ya shafi motoci sama da miliyan uku. Volkswagen ma ya tsawaita garanti a kan injin 1.8 mai turbo na Passat da Audi A4 saboda irin wannan matsala. BMW a Amurka ya rage wa'adinsa daga mil 15,000 zuwa 10,000 daga motocin 2014. Ranka ya daɗe, waɗancan Camry da Sienna da RX300 su ne suka cika titunanmu. Masu su na farko sun samu kotu da garanti. Mai su na yau ba shi da kowa sai bakanike.

Bakanike ma yana da nasa gyaran, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda ke cikinsu. Yawancin manyan garejinmu a kan Fijo 504 da 505 na kamfanin PAN da ke Kaduna suka koyi aiki, ko a hannun waɗanda suka koya a kansu. Waɗancan injina suna son mai mai kauri da juye akai-akai, kuma ilimin ya yi daidai da zamaninsa. Matsalar ita ce an gaje shi ana ɗora wa kowace mota. Injin da aka ƙera don 5W-30 ko 0W-20 yana da ƙananan hanyoyin mai, kuma da ƙarfin mai yake sarrafa buɗewar bawul da ɗaurin sarƙar taimin. Aka zuba masa 20W-50, da safe man ba ya isa sama da wuri, kuma a farkon tayar da inji ne ƙarfe ya fi ci. Ana cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye don kada mota ta yi zafi, sai injin ya daɗe bai kai zafin da zai ƙone ruwa da fetur ɗin da suka shiga mai ba, kwamfuta kuma ta yi ta ƙara fetur tana zaton har yanzu da sanyi. Ana murza mai tsakanin yatsu a ce ya mutu don ya yi baƙi, alhali baƙin na iya zama alamar yana wanke injin ne yadda ya kamata. Ana zubar da sintetik mai tsada bayan wata ɗaya motar ba ta yi kilomita 1,000 ba, wanda asara ce tsantsa ga talaka. Kuma man da aka juye, in bai koma kwalba an sake sayar da shi ba, kwata yake bi, ya gangara ƙasa inda rijiyoyin unguwa suke.

Akwai wani ruɗani mai sauƙin gyara da ke cin mutane. Motar Amurka mil take ƙirgawa, ta Turai kilomita. Bakanike ya ce a dawo bayan dubu biyar, yana nufin kilomita, mai mota ya bi mitarsa ta mil, ya yi kilomita 8,000 bai sani ba. Haka nan maganar man giya na har abada da wasu motoci ke zuwa da ita: kamfanin ZF, wanda ke ƙera giyar motocin Jamus da yawa, shi da kansa yana ba da shawarar a canza man bayan wani adadin tafiya, musamman inda ake zafi ko lodi.

To ga abin da nake roƙo. An kafa hukumarka a 2014 ta hanyar haɗe Majalisar Motoci ta Ƙasa da cibiyar tsara motoci da ke Zariya, kuma tana da cibiyoyin gwaji a Zariya da Enugu da Legas. Gani ya kori ji. A ɗauki motocin da mutane ke hawa da gaske, Corolla da Camry da Sienna da Accord da Golf da Sharan da Hiace da Hilux da Fijo 406, na haya da na gida, a Kano da Maiduguri da Jos da Legas da Fatakwal. A zuba musu man da aka tabbatar da sahihancinsa, a riƙa ɗiban kaɗan a kilomita 3,000 da 5,000 da 8,000 da 10,000, a hunturu da bazara da damina. A auna kaurinsa, da ragowar sinadarin kashe asid, da yawan silika da ƙarfe da fetur da ruwa da ke ciki. Wannan gwaji ne da kamfanonin manyan motoci da na janareto ke yi kullum, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna da malamai da ɗaliban injiniya da za su yi shi da murna. Idan sakamako ya nuna Corolla mai bin hanyar Kaduna zuwa Abuja da man kirki za ta iya kai kilomita 10,000 lafiya, a faɗa, mutane su huta da kashe kuɗi. Idan ya nuna tasi a cikin Kano lokacin hunturu ba ta wuce 4,000, a faɗa. Ni zan koyar da duk abin da awon ya nuna, ko ya saɓa wa abin da na saba faɗa wa ɗalibaina.

A sa motocin da aka mayar masu aiki da iskar gas cikin gwajin, tunda hukumarka na da hannu a horar da masu wannan aiki. Man injin gas yakan daɗe bai yi baƙi ba ko da ya gaji, kuma mutanen da suka saba yanke hukunci da ido za su ruɗu.

Kamfanonin da ke harhaɗa motoci a Kaduna da Nnewi da Legas, da dillalan sababbin motoci, suna ƙarƙashin idonka. A wajabta musu manna takarda a ƙarƙashin bonet mai faɗin irin man da injin ke so, da wa'adin juye a yanayin Najeriya, da kilomita da watanni. Ga motocin hannu, wato na Beljiyam, da suka zo ba littafi, hukumar ta buga jadawalin motocin da suka fi yawa, a kai shi Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo da Ladipo ta hannun ƙungiyar makanikai ta NATA, a kuma sa shi cikin horon da kuke ba su. Bakanike ba ya ƙin ilimi. Abin da yake ƙi shi ne a zo a raina masa wayo, don haka a tura waɗanda suka taɓa riƙe sifana su yi masa bayani.

Sahihancin mai ba hurumin hukumarka kaɗai ba ne, amma kana da kujerar da za ka kira SON da hukumar kula da harkar man fetur ta NMDPRA da ƙungiyar masu haɗa baƙin mai ku zauna. Tun 2010 NAFDAC ta fara tsarin da mai sayen magani ke kankare lamba a jikin kwali ya tura ta waya a gaya masa ko na gaske ne. Wasu kamfanonin mai suna yin irin haka don raɗin kansu. A mayar da shi wajibi a kan kowane galan. A wannan zaman kuma a gayyaci hukumar kula da muhalli ta NESREA a tsara inda garejoji za su riƙa kai man da suka juye.

Gwaji zai ɗauki aƙalla shekara guda kafin ya zagaye yanayi uku, injina kuwa ba za su jira ba. Kafin nan, hukumar na iya fitar da sanarwa ta shafi ɗaya wadda ba ta buƙatar sabon bincike, domin daga littattafan kamfanonin za a ciro ta: kowace mota a Najeriya a bi da ita a kan wa'adin yanayi mai tsanani, da man sintetik na gaske kada a wuce kilomita 8,000 ko wata shida, da man gama-gari kada a wuce 5,000, a zuba kaurin da aka rubuta a murfin inji ko littafi, a canza filtar iska maimakon busa ta, musamman a hunturu, a zaro sandar awon mai duk mako. A fassara ta da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, a karanta ta a rediyo da safe lokacin da direbobi ke tasha suna jiran lodi, a kuma miƙa ta ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW su manna a ofisoshinsu. Ina roƙon ta fito kafin Nuwamba, kafin iskar hunturu ta sauko.



Naka da girmamawa,
Malamin koyar da gyaran mota,
Kano.